Shayin Hagga a Cikin Kunun Zaƙina

Mahaifina soja ne. A bariki aka haife ni, a can na yi firamare, a can kuma karatuna na boko ya tsaya. Abin da na fito da shi daga gidanmu shi ne kowane aiki yana da na farko, yana da na biyu, kuma ba a tsallake wani a kama wani. Ba a wanke shinkafa sai an tsince ta. Ba a shara sai an kakkaɓe tabarma. Maigidana, wanda nake ce wa Malam, tun makon farko na aurenmu ya raɗa mini suna Saja. Ban taɓa jin haushi ba, don bai yi ƙarya ba.

Da Malam ya samu gurbin ƙarin karatun hadisi a Alƙahira, sai ya tafi da ni da 'ya'yanmu mata biyu. Muka kama haya a Madinat Nasr, a hawa na uku na wani gida mai hawa huɗu. Gidan ba shi da ado, amma ruwa yana hawa har sama, iska tana ratsa ɗakuna, makarantar yara kuma tana ƙarshen layi, ina tsaye a baranda nake ganin shigarsu. Duk wanda ya taɓa bin dillalai a unguwar nan da iyali a bayansa, ga shi baƙo, ya san irin wannan gida ba a dace da shi sau biyu.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, mijinta ya rasu, tana zaune a hawa na biyu, daidai ƙarƙashinmu. Kowa Hagga yake ce mata, wato Hajiya a bakin mutanen can. Gajera ce kakkaura, makullai rataye a wuyanta da igiya, kuma da wuya ka ga hannunta na dama babu ɗan kofin gilashi na shayi. Fiye da shekara biyu muna zaune lafiya. Ta yaba da yadda nake wanke matakala daga sama zuwa ƙasa. Ni ma na yaba da ita, don mace ce da in ta ce ƙarfe biyar, to ƙarfe biyar ne.

A hawa na huɗu akwai wata 'yar Maraɗi, mijinta yana saro kaya a kasuwar Ataba yana aikawa gida. Ta riga ni zuwa Masar, na girme ta a shekaru, don haka Yaya take ce mini. Larabcin titi a bakinta kamar ruwa, nawa kuwa bai wuce na cefane ba, saboda haka ita ce bakina duk inda magana ta yi tsawo. Halinmu bai zo ɗaya ba ko kaɗan. Ita sai ta ɗora tukunya take tuna babu gishiri a gidan.

Ita ta nuna mini inda ake samun gero. Na yi wata shida ina nema a wurin masu shinkafa da wake, ashe a shagon abincin tsuntsaye yake. Mai shagon ya ga yawan abin da na sa ya auna mini, ya tambaya tattabaru nawa nake kiwo. Na ce ta gaya masa uku ne, biyu ƙanana, babban kuma yana karatun hadisi. Daga ranar kunun zaƙi ya dawo gidana, duk mako biyu sau ɗaya.

Ga yadda nake yi, kuma haka uwata take yi. Ranar farko a wanke gero, a rege, a jiƙa. Rana ta biyu a tsame, a markaɗa da citta da kanumfari da ɗan masoro. A raba ƙullun gida biyu, babba da ƙarami. Babban a sheƙa masa tafasasshen ruwa, a dama har ya yi kauri kamar koko, a bar shi ya huce yadda yatsa zai iya zama a ciki. Sannan a zuba ƙaramin ɗanye, wanda aka haɗa da abin zaƙi, a juya, a rufe, ya kwana. Da safe za a tarar abin da aka bari da kauri ya tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙi da kansa. A tace, a sa sukari kaɗan, a kai firij, a shanye a ranar.

Abin zaƙin nan, lokacin sanyi dankali ne, don masu amalanke suna yawo da shi ko'ina. Lokacin zafi dankali yana wuya, sai na koma wa tsiro. Akan jiƙa ɗan gero, a shimfiɗa a buhun algarara, a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ya fito da fararen saiwoyi, sannan a shanya. Wannan tsiron ne ya kusa raba mu da gida.

A watan Agusta ne na shekarar 2014, ana zafin da ko ƙarfen baranda ba ya taɓuwa, ga ɗauke wuta kusan kullum, har ɗalibai 'yan ƙasarmu suna cewa gida ya biyo su. Na yayyafa wa tsiro ruwa, na ɗan zarce, ruwan ya bi ta gefe ya ɗiga kan shanyar Hagga. Ba a jima ba na ji ƙarar makullai a matakala. Ta shigo, ta wuce baranda kai tsaye, ta ɗaga buhu, ta tsaya tana kallo. Daga nan ta juya kicin. A ranar na tace kunu, dusar tana cikin roba ban kai ga zubarwa ba. Ta sunkuya ta shinshina. Ta miƙe, ta dafe ƙirji.

"Buza!" in ji ta. "A gidana, ya binti? Buza?" Binti, wato 'yata, haka take kirana.

Na ƙwala wa 'yar Maraɗi kira, ta sauko da hannu duk sabulu. Ita ta fahimtar da ni cewa buza giyar gargajiya ce ta mutanen ƙasar, da tsiron hatsi ake yin ta. Hagga a ƙauye ta tashi, kuma akwai wani gida a bayan nasu da ake yi, ta san kamanninta, ta san warinta. Ba ta saurari komai daga bakinmu ba. Da yamma ta tare Malam a matakala ta ce masa takardar hayarmu ƙarshen wata take ƙarewa, kuma ba za ta sabunta ba. Khalas, magana ta ƙare. Saura kwana goma sha biyu.

Na yi fushi, amma fushin bai daɗe ba, don ni mai bin abu daki-daki ce, kuma da na bi sai na ga tsohuwar ba ta yi wauta ba. A bayan barikinmu akwai matan da suke dafa burkutu, ta gefen zanarsu muke wucewa zuwa makaranta. Na ga yadda suke yi: su jiƙa dawa, su bar ta ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa. Hanyarsu da tamu ɗaya ce har zuwa wata mararraba. Su sukan bar nasu ya yi kwanaki yana tashi, har su ƙara masa tsohon na jiya don ya yi ƙarfi. Mu kuwa kwana ɗaya, a tace, a shanye. Uwata takan ce kunun zaƙi baƙon yini ne, in ya nemi ya zarce, ba baƙonka ba ne kuma. Hagga ta ga farkon hanya ne kawai, ba ta ga inda muka ratse ba.

Malam ya ce in bar masa. Ya sauko da littattafai uku daga kanta, ya sa takarda a shafukan da yake so, ya sa farar jallabiya, ya sauka. Bai yi minti goma ba ya dawo.

"Me ta ce?"

"Ta ce, ya ustaz, kai ka karanta, ni na shinshina."

"Sai kai kuma ka ce me?"

"Sai na sha shayin da ta ba ni na taso. Saja, matar nan 'yar uwarki ce, can ku ƙarata."

Na san magana ba za ta yi ba, sai ta sha da bakinta. Amma Hagga ba ta shan komai a gidan kowa in ba shayi ba. Ko ruwan lemo ka ba ta, sai ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, cikinta ba ya so. 'Yar Maraɗi ce ta kawo shawara muna zaune a kicin.

"Yaya, to mu sa mata shayin a ciki mana."

"A cikin kunu? Kin taɓa ganin an yi?"

"Kafin a fara sa citta ma ai ba a taɓa gani ba."

"Ni ba na yaudara. Ba zan rufe wari da wari ba."

"Wa ya ce ki ɓoye? Ki gaya mata ƙiri-ƙiri. Wallahi son ganin ƙwaƙwaf kaɗai zai hawo da ita."

Haka kuwa aka yi. Na aika mata cewa ranar Juma'a bayan la'asar ina gayyatarta ta ɗanɗana abin da ta kira buza, kuma don girmamawa zan sa masa shayi. Amsar da ta dawo ita ce za ta zo, ba don ta sha ba, sai don ta ga wannan masifa da idonta.

A nan na yi kuskure, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba. Ni na san kunu, ban san shayi ba. A gidanmu shayi ruwan zafi ne da madara da burodi. Mutanen Nijar kuwa kowa ya san sun ɗauki shayi kamar gadonsu, don haka da 'yar Maraɗi ta ce in bar mata wannan ɓangaren, sai na bar mata. Abu na biyu, ban yi gwaji ba kafin ranar. Ni da ko sabuwar allura sai na gwada ta a tsumma.

Ranar Juma'a kunu ya yi kyau, fari tas, yana firij tun safe. Bayan azahar 'yar Maraɗi ta sauko da kurfoti da 'yar butar mijinta, ta hura gawayi a baranda. Ta kawo baƙin shayi irin na Masar, mai laushi kamar gari, ta cika tafin hannu ta zuba. Ya tafasa, ta ɗaga buta sama ta tsiyaya a kofi, ta mayar. Ya sake tafasa, ta sake. Na ce bai isa ba? Ta ce, "Yaya, shayi sai ya sha wuta yake faɗin gaskiya." Sai da ya yi rabin awa yana faɗin gaskiya, ya koma baƙi ƙirin kamar man inji, sannan ta sauke, muka fifita, muka juye a cikin kunun.

Farin kununa ya koma kalar ruwan kududdufi. Na ɗiba a cokali na kai baki, harshena ya naɗe kamar na ciji ɗanyar kanya. Ga ɗaci, ga bauri.

"Ya yi daidai," in ji ta, tana lasar baki. "Dahuwar farko ke nan, ta maza."

Na ƙara sukari. Ya zama ɗaci mai zaƙi, wanda ya fi na da muni. Ina tsaye da ludayi a hannu ina tunanin ko in ce an ɗage, sai ga ƙarar makullai. Ƙarfe huɗu da rabi daidai.

Hagga ta zauna a bakin kujera, ba ta jingina ba. Na zuba kofi huɗu. Malam ya yi bisimilla ya kurɓa don ya nuna mata babu komai, na ga maƙogwaronsa ya yi gardama kafin ya wuce, idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce, "Tamam," wato ya yi daidai. Allah ya saka masa. Hagga ta ɗauki nata da yatsa biyu, ta kai hanci don ta kama mu. Ina kallon fuskarta. Ta zo da fuskar alƙali, sai na ga ta koma ta mai ta'aziyya.

"Wa ya dafa shayin nan?"

'Yar Maraɗi ta nuna ƙirjinta da alfahari.

"Minti nawa a wuta?"

"Rabin awa, ya Hagga."

"Rabin awa!" Ta aje kofin, ta tafa hannu, ta sake ɗauka. "Me ya yi miki? Ya zagi ubanki ne? Ko mutanen Sa'id na kudancin ƙasar nan, da ake yi wa dariya kan baƙin shayinsu, ba sa yi masa haka."

Sai ta kurɓa. Ba don kunu ba, don ta tabbatar da girman laifin da aka yi wa shayi. Ta runtse ido, ta haɗiye, ta nemi ruwa.

"To ya Hagga," in ji 'yar Maraɗi, ko kunya babu, "buza ce?"

"Ina zan sani? Kin kashe mini baki. Ko guba kuka zuba ba zan ji ba." Ta juyo gare ni, ta nuna ni da makulli. "Ke, ya binti. Za ki sake. Ni zan yi shayin. Kuma zan zauna in gani tun daga farko, ba daga tsakiya ba."

Da aka fassara mini, sai na ji sanyi a raina. Tun daga farko. A duk Alƙahira ban taɓa jin maganar da ta dace da ni kamar wannan ba.

Asabar da safe Hagga ta zo ta ga an wanke gero an jiƙa. Lahadi bayan la'asar ta dawo, ta zauna a kan kujerata ta tsugunno, a tsakiyar kicin ɗina, ta harɗe hannu. Ban saba aiki ana kallona ba, balle ana gyara mini. Ta ce cittar ta yi yawa. Na ce haka ake sawa. Ta ce kanumfari na ciwon haƙori ne. Na ce a ƙasarku. Ta shinshina tsiron da na shanya, ta tauna ƙwaya ɗaya. Can ta miƙe ta zare ludayina daga ƙusar da yake rataye tun ranar da muka tare, ta mayar da shi wata ƙusa kusa da murhu, ta ce nan ne wurinsa. Na haɗiye. Saura mako guda wata ya ƙare, ba lokacin faɗa a kan ludayi ba ne.

Na sheƙa ruwa, na dama, ya yi kauri har muciya tana tsayawa. Ya huce, na zuba ɗanyen, na juya, na rufe bokiti. Sai ta ciro wani ƙyalle daga aljihu, ta ɗaure murfin, ta yi ƙulli uku irin nata, ta ce Malam ya sauke mata shi ɗakinta, can zai kwana, don kada a ƙara masa wani abu bayan idonta. Malam ya ɗauki bokiti yana cewa shekara uku yana karatu a ƙasar nan, yau ya samu aikin da ya dace da shi.

Litinin ƙarfe bakwai na safe ya hawo da shi, tana biye. Ta duba ƙullinta ɗaya bayan ɗaya, ta kwance, ta buɗe. Ta sa ludayi, ya nutse kamar a rijiya.

"Wa ya zuba ruwa?"

"Ya Hagga, a ɗakinki ya kwana," in ji 'yar Maraɗi. "In akwai wanda za a tuhuma, ke ce."

Ranar na fara ganin haƙoran Hagga. Ta yi dariya har makullai suna kaɗawa. Na tace kunun sau biyu a ƙyalle mai laushi, ita kuma ta karɓe murhu. Na tsaya a bayanta ina lura, don ba na son a yi abu a gabana ban riƙe jerinsa ba. Ta tafasa ruwa shi kaɗai. Ta kashe wuta, ta bar shi ya daina hauka. Ta sa ganyen shayi a jug, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, da reshen na'ana'a biyu, ta zuba ruwan a kai, ta rufe da faranti. Ta kafa wa agogon hannunta ido. Minti uku, ta tace. Shayin ya fito ja garau, ana hango gindin jug.

"Ko wuta bai gani ba," in ji 'yar Maraɗi. "Wannan ai wanka aka yi masa."

"Ke yi shiru, mai kisan kai," in ji Hagga.

Ba ta yarda a zuba da zafi ba. Sai da ya huce sarai, sannan ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ina juyawa, tana ɗanɗanawa, ni ma ina ɗanɗanawa. Muka tsaya a kofi ɗaya na shayi ga kofi huɗu na kunu. A wannan ma'aunin ne kawai muka taɓa yarda da juna ba gardama. Kalar ta zama kamar ta ƙasa mai kyau bayan yayyafi. Citta tana gaba, zaƙin gero yana tsakiya, ƙamshin shayi yana zuwa daga baya bayan an haɗiye. Yaran suka sha kafin su fita, ƙaramar ta miƙo kofi a ƙara. Hagga ta sha ɗaya tana tsaye, ta zauna ta sha na biyu.

Na jira ta yi maganar takarda. Ta goge baki, ta miƙe.

"Da safe kowa salihi ne," in ji ta. "Buza da yamma take nuna halinta. Zan dawo ƙarfe biyar in ga abin da ya zama."

Ban damu ba, don firij yana aiki. Amma wajen sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta, kuma ba a dawo da ita ba. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Na jiƙa tawul na naɗe jug ɗin, na sa a inda iska take bi, duk da haka zafin ranar ya fi ƙarfin tawul. A ƙa'ida ba na yin kunun da zai yi saura, ina auna shi da bakunan da za su sha. Wannan karon don Hagga na ƙara, ga fiye da rabin jug a ajiye.

Ƙarfe biyar ta shigo, 'yar Maraɗi a bayanta, Malam yana bakin ƙofar kicin. Na buɗe jug a gabansu. A gefe-gefe wasu 'yan ƙananan kumfa sun fara jeruwa kamar ƙwan kifi. Na ɗanɗana a bakin cokali. Tsami ya fara leƙowa. Bai zama komai ba tukuna, ko Malam da littattafansa zai ce halal ne. Amma kunun ya juya fuska ya kalli waccan hanyar ta masu burkutu, kuma ba wuta, ba sanyi, gobe ba nawa ba ne.

Na ɗauki jug na nufi wurin wanke-wanke. Hagga ta riƙe mini hannu.

"Ina za ki kai? Abinci ne! Ni'imar Allah ce! Shayina yana ciki!"

"Yaya, ba ni in kai sama," in ji 'yar Maraɗi. "Maigidana ma ya fi son mai tsami."

"Saja," in ji Malam a hankali, "ki bari ta sauka tukuna."

Na ce wa 'yar Maraɗi ta fassara yadda na faɗa, kada ta sa sukari. Na ce zubar da abinci yana yi mini ciwo kamar yadda yake yi wa kowa, kuma laifina ne da na yi fiye da ƙima. Amma wannan ya cika yininsa. Ba zai kwana a gidana ba, ba zai kwana a sama ba, ba zai kwana a ƙasa ba. Na zare hannuna, na tuntsurar da shi, na sakar masa famfo, na wanke jug da sabulu, na kife.

Hagga ta dube ni, ta dubi jug, ta fita tana gunaguni, ko sallama babu. Muna jin makullanta har ta rufe ƙofa. Malam ya ce to, gobe sai ya fara neman dillali. Na shiga ɗaki na fara lissafa a raina abin da za a fara ɗaurewa, littattafai ko tukwane.

Talata ƙarfe takwas na safe aka ƙwanƙwasa. Hagga ce, takarda a hannu ɗaya, ƙullin ganyen shayi a ɗayan. Ta ce a kira mata mai kisan kai ta zo ta yi fassara. Ta zauna, wannan karon ta jingina.

Ta ce ta kwana tana jin haushin shayinta. Amma ta tuna mutanen bayan gidansu na ƙauye. Ranar da kumfa ta fara fitowa ranar murna ce a wurinsu, har guɗa suke yi. Ba ta taɓa ganin mai buza ya zubar da ita daidai lokacin da ta fara nuna ba. Ta tura wa Malam takardar, shekara guda, ta ce amma da sharaɗi uku, ta ɗaga yatsu.

Na ɗaya, in sa roba a ƙarƙashin buhun tsiro. Na biyu, shayin da za a sa a kunu ita za ta riƙa yi, waccan ta sama kada ta ƙara taɓa shi. Na uku, duk ranar da na tace, in sauke mata jug ɗaya kafin azahar, don kada a sake samun saura da za a yi wa abin da aka yi jiya.

Na bi sharuɗɗan a raina. Tsiro, shayi, rabo. Yadda suke zuwa a aiki, haka ta jera su, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Tamam, ya Hagga," na ce da bakina, ba tafinta.

"Ni fa ban yarda ba," in ji 'yar Maraɗi. "Wannan ruwan wankan ba shayi ba ne."

"Yalla, koma sama ki dafa duwatsu," in ji Hagga.

Malam ya sa hannu. Muka zauna a gidan har ya kammala karatu a shekarar da ta biyo baya. Duk mako biyu, in Hagga ta hango buhu a barandata da roba a ƙarƙashinsa, sai ta ɗaga kai ta tambayi ranar tata, ta zo ƙarfe bakwai da ganyenta da na'ana'arta. Ludayin kuwa, na yi niyyar mayar da shi ƙusarsa ta asali da zarar an sa hannu a takarda. Na ɗauko shi ma. Sai na tsaya a gaban murhu na miƙa hannu, na ga inda ta sa shi ya fi kusa da taki ɗaya. Na mayar da shi can, ban gaya mata ba.